Hancin Mota

Da hantsi Lurwanu ya shigo da Korolarsa garejinmu,
bayan Ƙofar Ƙwaya, inda bedi ya rage mana rabin inuwa.
Bai ko kashe injin ba ya ce,
"Dubi 'yar fitilar nan. Kwana arba'in tana kallona,
ita ba ja ba, ba ɗorawa ba, kamar tofin goro.
Na rufe ta da hoton yarana,
sai haskenta ya ɓullo ta gefen kunnen autan."

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi.
Salansa da zafi, na jira ta huce.
Can a wuyan bututu na same shi a ɗaure,
ɗan ƙarfe bai fi babban yatsa ba,
da jelar waya huɗu.
Sansa muke ce masa.
Nazifi, yaron da ke miƙo mini sifana,
ya ce suna ya bi jiki, ai aikinsa sansana:
hayaƙi ya zo wucewa, ya shaƙa,
ya kai wa ƙwaƙwalwar mota rahoto,
mai ya yi yawa, a rage,
iska ta rinjaya, a ƙara.
Shekara goma sha tara yana wannan aike,
tun daga ƙasar da ƙanƙara ke rufe titi
har ya zo ya ɗanɗani man bumburutu a hanyar Batsari.
Yanzu hancin ya toshe,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Na faɗi kuɗin sabo, Lurwanu ya yi dariya.
Na faɗi kuɗin na Beljiyam, dariyar ta tsaya.
Ya dubi tayar gaba da ta yi sanƙo,
ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula,
ya ce, "To, ba a yi mashi dabara?"

Ana yi.
Ba banza ake ce mana masu riwaya ba.
Na yanke waya, na fere bakinta da haƙori,
na soka ɗan rezista mai ɗamara uku,
na naɗe da baƙin salatif, na tura cikin lungu.
Daga yau riwaya ɗaya za ta riƙa hawa sama,
da safe, da rana, a gangara, a hawa:
lafiya lau,
lafiya lau.

Fitila ta mutu. Ya yi hamdala har sau biyu.
Na ce, "Malam, fitilar na kashe, ba ciwon ba.
Za ta sha mai kamar raƙumin da ya iso rijiya,
fulogi su yi tsatsar hayaƙi,
na bayanka a danja ya toshe hanci yana zaginka."
Ya ce, "Bari dai in sayar da wake."
Ya ba ni dubu uku, ɗaya da ɗinkin salatif ita ma.
Ya ja ta ya nufi Ƙofar Ƙaura,
wani siririn baƙi na bin sa a baya
kamar bashi.

Bayan isha'i na wanke hannu da omo da yashi,
baƙin bai fita daga farce ba, dama ba ya fita.
Na zauna gaban tuwo, tarin nan ya taso,
wanda ke farawa daga ƙasa, kamar injin da ya kwana a sanyi.
Shekara ashirin da shida ina kwance ƙarƙashin salansa
ina shaƙar abin da motocin mutane suka ƙi.
Takardar da likita ya rubuta mini a babban asibiti
tana akwatin kayan aiki, ninki huɗu,
sifana mai lamba sha biyu ta danne ta.

Marwanatu ta aje kofin ruwa, ba ta koma ba.
Ta ce, "Ya ƙirjin?"
Na ce, "Lafiya lau."

Ta ci gaba da kallona, ba ta ƙifta ba.
Na laluba, na laluba,
ita ba ta da wayar da zan yanke.